Yadda Ake Tare Zaizayar Ƙasa a Gona Tun Kafin Ta Zama Kwazazzabo

Gonar da muka gada a gefen tudu take. Shekarar da na karɓi nomanta na tarar da wani ɗan rami ya tsaga ta daga tsakiya zuwa iyakar kudu, zurfinsa bai wuce gwiwa ba. Na kwashe sati biyu ina cika buhunan siminti da rairayi ina jerawa a bakinsa, na ɗora duwatsu, na koma gida ina ganin na gama da shi. Ruwan marka guda ɗaya ya zo da dare, da safe na tsinci buhunana a gonar maƙwabci, ramin kuwa ya ƙara faɗi ta gefe biyu. Dattijon da muke iyaka da shi ya tsaya ya duba ɓarnar, ya ce, "Ɗana, ruwan nan ba a nan ya fara gudu ba. Hau sama ka tare shi tun yana rarrafe."

Duk abin da zan faɗa a nan daga wannan maganar ya fito. Ruwan da ke tafiya a hankali ƙasa ce ke shanye shi, wanda ya sami gudu shi ke cin ƙasa. Aikinka shi ne ka rage masa gudu, kuma daga saman gona ake farawa.

Ka fara da kallon gonar

Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, da ya tsagaita, ka ɗauki malafa ka tafi gona. Yawancinmu sai ƙasa ta tsane muke zuwa, alhali a lokacin shaidar ta ɓace. Ka duba ta ina ruwa ke shigowa: daga gonar sama ne, daga burtali, ko daga lambatun titi? Ka bi shi da ƙafa. Ka lura da launinsa, in ja ne ko baƙi-baƙi, to ƙasarka ce da takinka ke tafiya. Ka kafa turke a duk inda ƙananan hanyoyin ruwa suka haɗu suka zama ɗaya.

In rani ne ma akwai alamu. Saiwar bishiya da ta fito fili kamar jijiyar hannun tsoho. Tsakuwa zaune a kan 'yan tudun ƙasa, an wanke kewayenta. Fako, wato wurin da ya daskare ya yi santsi, ko ciyawa ba ta fitowa. Rairayi mai laushi da ya taru a ƙasan gona, sama kuwa sai marmara. Ƙasar sama, wadda ke riƙe da abincin shuka, sau da yawa kaurinta bai wuce taƙi ɗaya ba, kuma sai an yi ɗaruruwan shekaru kafin santimita ɗaya ta samu. Wanda ya watsa buhun takin zamani a gonar da ke zaizayewa, rafi ya yi wa hidima.

Fitar da layin gicciye

Wannan shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa, shi ne kuma ke sa sauran aikin ya tsaya ko ya rushe. Ana neman layin da ya gitta gangaren gona, wanda in ka bi shi ba ka hawa ba ka gangarawa. Ido ba ya iya fitar da shi, na gwada, ya yaudare ni.

Ka samo sanduna biyu miƙaƙƙu masu tsawo ɗaya, kamar mita 2 kowace, da ta uku mai mita 1. Ka ɗaure kawunan dogayen biyu, ka buɗe ƙafafunsu, ka gitta gajeriyar a tsakiya ka ɗaure tam, abin ya yi siffar harafin A na boko. Daga saman ka rataya igiya da dutse a ƙarshenta, ta sauko ta wuce sandar tsakiya.

Sai gwaji. Ka tsayar da shi a ƙasa, ka yi alama inda kowace ƙafa ta taka. Ka jira igiya ta daina lilo, ka zana inda ta taɓa sandar tsakiya. Ka juya shi, ƙafar dama ta koma gurbin ta hagu, ka sake zanawa. Tsakiyar zane biyun nan ka tsaga da wuƙa. Duk lokacin da igiya ta tsaya a kan tsagar, ƙafafun biyu a daidai suke.

Ka je saman gona, ka kafa turke a iyaka, ka sa ƙafa ɗaya a gindinsa. Ka riƙa matsa ɗaya ƙafar sama ko ƙasa har igiya ta hau tsaga, ka kafa turke na biyu. Ka juya a kan ƙafar nan ta biyu kamar mai taku, ka ci gaba har ɗaya iyakar. Layin zai fito a karkace kamar tafiyar maciji. Kada ka miƙe shi don ya yi kyan gani. Inda ya yi lanƙwasa mai tsanani kawai za ka ɗan sassauta. Mutum biyu sun isa, babba da yaro mai ɗaukar turaku. Da safe ake yi kafin iska ta tashi ta riƙa kaɗa igiyar. Wanda ke da siririn tiyon nan mai haske da magina ke auna gini da shi, ya fi sauri.

Tazarar layi da layi ta danganta da gangare. Inda gangaren bai da yawa, mita 30 zuwa 50 ta isa. Inda yake da ƙarfi, ka rage zuwa 15 ko 20.

Jerin duwatsu, ko gamba in babu dutse

In akwai dutse kusa, ka gode Allah. A kan layin da ka fitar, ka haƙa ɗan rami mai zurfin santimita 10 zuwa 15, faɗinsa kamar taƙi biyu. Ka zaunar da manyan duwatsu a ciki ta ɓangaren gangare, ka cusa ƙanana a tsakaninsu ta ɓangaren da ruwa ke zuwa. Ƙasar da ka haƙo ka mayar ka danne gindinsu. Tsayin jerin kada ya wuce santimita 20 zuwa 30 daga ƙasa. Ƙarshen layi ta kowane gefe ka lanƙwasa shi ya kalli sama kaɗan, in ba haka ba ruwa zai zagaye ya fara sabon rami a iyakar gona, ka jawo wa kanka rigima da maƙwabci.

Jerin duwatsu ba madatsar ruwa ba ce, rariya ce. Ruwa zai ratsa ta kafofin ya wuce a hankali, ya bar laka da taki da irin ciyawa a baya. Don haka kada ka liƙe kafofin da laka. Ka kuma bar mashigar amalanke, amma kada mashigar layin sama ta yi saitin ta layin ƙasa, don kada su zama hanyar ruwa.

A ƙasar jigawa, irin yawancin arewacin Kano da Jigawa da Damagaram, dutse sai an saya. Nan gamba ke shigowa. Idan damina ta zauna, wajen watan Yuli, ka tono tushen gamba, ka rarraba shi, ka datse ganyen ya rage taƙi ɗaya, ka dasa a kan layin, tazarar taƙi ɗaya tsakani, sahu biyu a sassaɓe. Shekarar farko ba za ka ga wani abin kirki ba, sai cike gurbin waɗanda suka mutu. A ta biyu za ta haɗe ta zama shinge, ga zana ga abincin dabbobi. Inda ƙasa ke riƙe danshi, kamar gefen fadama, jema ta fi: saiwarta ƙasa take nufa kai tsaye, ba ta cika ƙwacen abinci da shuka ba. Ko inda aka yi jerin duwatsu ina ba da shawarar a dasa gamba a bayansa, domin bayan 'yan shekaru laka za ta binne duwatsun, ciyawar ce za ta ci gaba da aikin.

Tudun ƙasa zalla, ba dutse ba ciyawa, ni ba na son sa. Yana tare ruwa gaba ɗaya, ranar da ya fashe kuwa duk abin da ya tara zai fita ta kafa ɗaya, ɓarnar ta fi ta da. In dole ne, a bar masa mafita da aka shimfiɗa wa dutse.

Kunya ma ta bi layin. Masu huɗa da shanu ko tarakta sun fi son bin tsawon gona don juyawa ta yi musu sauƙi, ko da tsawon ya bi gangare, sai kowane kwarin kunya ya zama ƙaramar ƙorama. Ka tsaya a kansu ranar huɗa. In wurinku ruwa bai da yawa, ka riƙa datse kwarin da 'yar ƙasa duk bayan taku biyu ko uku, tsayinta bai kai na kunyar ba, don in ruwa ya yi yawa ya tsallake ta cikin kwari maimakon ya fasa kunya.

Farfaɗo da fako

Fako ba mutuwa ya yi ba, baki ya rufe. Hanya biyu ake buɗe masa baki, kuma duk 'yan'uwanmu na Nijar sun riga mu nisa a kansu.

Ta farko ita ce tassa, wadda a Burkina Faso ake kira zai. Wani manomi na yankin Yatenga, Yakuba Sawadogo, shi ya shahara da inganta ta tun wajen 1980: ya faɗaɗa ramin, ya zuba taki a ciki. Ya rasu a 2023. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoman Illela ta jihar Tawa suka je can suka gani da idonsu, suka dawo suka gwada. Abin ya karɓu har aka koma sayen fako da kuɗi, filin da a da ko kyauta ba mai so.

Da rani ake haƙawa, daga Maris zuwa Mayu. Faɗin rami santimita 20 zuwa 40, zurfi 10 zuwa 20, tazara kamar taku ɗaya. Ƙasar da ka fitar ka tara ta a gefen gangare kamar jinjirin wata, don ta tare ruwan da ke sauka. Ramukan sahu na biyu su faɗa saitin tsakanin na sahun farko, ta yadda ruwan da ya kuɓuce wa wannan zai faɗa wancan. Ka zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu a kowane rami, ka yayyafa ƙasa kaɗan a kai don kada iska ta kwashe. Takin ya zama ruɓaɓɓe. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona tsiro. Gara za ta zo cin takin, kada ka kore ta, ita ce ma'aikaciyarka: ramukan da take yi su ne hanyar da ruwa zai bi ya nutse. In ruwan shuka ya sauka, ka shuka gero ko dawa a ciki.

Aiki ne mai cin ƙarfi, ba zan ɓoye ba. Hekta ɗaya kan ɗauki rami wajen 10,000, awa 300 ko fiye na saran diga a zafin bazara. Ka yi kwata a bana, kwata baɗi. Kuma tassa ba ta kowane wuri ba ce: a rairayi mai laushi ramin cikewa yake yi, a inda ruwa ke da yawa kamar kudancin Kaduna kuwa shukar ce za ta ruɓe a ciki.

Ta biyu ita ce rabin wata. Ka kafa turke a kan layin gicciye, ka ɗaura igiya mai mita 2, ka zana rabin da'ira, buɗaɗɗen bakinta na kallon sama inda ruwa ke fitowa. Ka sassare cikinta zurfin santimita 15 zuwa 25, ka jera ƙasar a bayan lanƙwasar ka daddanne. Ma'aunin da aka saba da shi a Nijar shi ne mita 8 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar na gefensa, mita 4 tsakanin sahu da sahu, a sassaɓe, abin da ke ba da 313 a hekta. Baro guda na taki ya ishi kowane ɗaya. Filin da aka bari tsakani ba asara ba ne, shi ke tara wa ramin ruwa.

Kada ka bar ƙasa tsirara

Ɗigon ruwan sama da ke dukan ƙasa kai tsaye shi ke fara farfasa ta, kafin ma a zo maganar kwarara. Iska kuma tana nata: hunturu na kwasar ƙura, guguwar da ke gaban hadarin farkon damina na binne gero ɗan sati biyu ko ta yanke shi da rairayi, sai an sake shuka. Maganin duka biyun rufi ne.

Na san kara yana da masu nema: danni, rumfa, girki, dabbobi, ga kuma masu saye. Ba zan ce ka bar shi duka ba. Ka bar kashi ɗaya cikin uku a kwance, a gicciye, musamman a kan faƙo-faƙon gona da gefen da iska ke bugowa. Lokacin sharar gona kuma ka daina tara shi kana cinna wuta. Tokar da kake murna da ita iskar farko ce za ta tafi da ita. Rassan da ka sassabe ka shimfiɗa su a kan fako, za su kama rairayi da ganye, gara ta shiga ƙarƙashi ta huda. Wake ko gyaɗa a tsakanin hatsi su ma rufi ne. In kuna da fahimta da makiyaya, su kwana da shanu a gonar bayan girbi, ka riƙa matsar da makwancin zuwa wuraren da suka fi gajiya.

Itatuwan da ke ƙarƙashin gonarka

Kafin ka sayi dashe, ka duba kututturan da kake sarewa duk shekara: sabara, kalgo, geza, magarya, aduwa, gawo. Saiwarsu na nan da rai, shi ya sa suke tohowa. A 1983 wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi ya lura da haka, ya fara jan hankalin manoma su riƙa rainon tohon maimakon sare shi. Yau ana ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta wannan hanya a Nijar ya kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200.

Yadda ake yi ba wuya. Ka zaɓi kututturan da za ka bari, kamar 40 a hekta don farawa. A kowanne ka zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran. Waɗanda ka bari ka aske musu ƙananan rassa har rabin tsayinsu. Adda ta zama mai kaifi, saran kuma daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawon ya yage. Ka ɗaura jan ƙyalle a jiki, alamar mai shi na so, saboda masu neman itacen girki. Ka koma duk bayan wata uku ko huɗu ka sake askewa. Gawo in ka same shi ka riƙe shi da kyau: da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, kuma kowa ya san yadda gero ke yi a gindinsa.

Inda iska ta yi yawa ana dasa shingen bishiyoyi a gitta mata hanya. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar an fara haka a 1975 da darbejiya, sahu bibbiyu, mita 100 tsakani. Shinge na kāre fili kimanin ninki goma na tsayinsa. Sai dai darbejiya tana danne shukar da ke dab da ita, don haka iyakar gona ce wurinta.

Yanzu sai kwazazzabo

Na bar shi a ƙarshe da gangan. Sai ka rage ruwan da ke zuwa masa daga sama tukuna, sannan ka taɓa shi.

Kwazazzabo ta kai yake ci, yana ja da baya zuwa sama. Ka fara da kan: ka sassare shi ya zama gangare mai sauƙi maimakon tsaye, ka shimfiɗa duwatsu, ka dasa jema ko gamba kewaye. Sai ka shiga ciki ka yi ƙananan shingaye a gicciye, na dutse, ko na turaku sahu biyu da aka cusa wa rassa a tsakani. Ƙa'ida huɗu ce, kuma duk huɗun na karya a shekarar buhunan siminti. Shinge ya zama gajere, kamu ɗaya ya isa. Ƙanana da yawa sun fi babba guda. Ya shige cikin bangon ramin ta gefe biyu da kuma ƙasa, aƙalla kamu ɗaya, don kada ruwa ya zagaye ko ya bi ta ƙarƙashi. Tsakiyarsa ta fi gefuna ƙasa, don ruwa ya tsallake ta tsakiya. A gindinsa ta ɓangaren gangare a shimfiɗa duwatsu inda ruwan zai faɗo, in ba haka ba zai haƙe gindin ya kayar da shi. Tazara kuwa, saman shingen ƙasa ya yi daidai da gindin na sama da shi.

In laka ta cika bayan shinge, ka dasa ciyawa a kanta nan da nan, baɗi ka ƙara masa tsayi kaɗan. Bakin ramin ta gefe biyu ka bar taku biyu ba noma, ka kafa aguwa ko bini-da-zugu, waɗanda dabbobi ba sa ci. Kada a mayar da shi juji. Shara da leda ba sa tare komai, ruwa ne zai kwashe su ya kai gonar wani.

Wannan duka na ramin da bai wuce ƙugu ba ne. Wanda ya fi tsayin mutum, irin waɗanda suka ci unguwanni a garin Gombe, ya fi ƙarfin fartanya, kuma shiga cikinsa da damina ganganci ne, bangonsa na iya ruftawa. Wannan na hukuma ne. A Najeriya akwai shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, mai samun tallafin Bankin Duniya, da ke aiki a jihohin Arewa 19 da Abuja; a haɗu a rubuta ta hannun mai unguwa da dagaci, a kai ofishinsu na jiha da hotuna.

Maganar maƙwabta

Ruwan da ke cin gonarka daga gonar wani ya fito, naka kuma wani yake ci. In mutum biyar ne a gangare ɗaya, ku zauna tun kaka, ku yi gayya, ku fara da gonar wanda ke sama ko da ba shi ya kawo maganar ba. Jigilar dutse musamman ba aikin mutum ɗaya ba ne, hayar amalanke ko tifa in an raba ta fi sauƙi. In sun ƙi, ka yi layinka na farko a iyakarka ta sama, ka ninka masa kauri.

Bayan kowane babban ruwa a daminar farko, ka zaga da fartanya. Dutsen da ya goce ka mayar, inda ruwa ya huda ƙarƙashi ka toshe, gambar da ta tuge ka sake dasawa a ranar. Ka kuma kafa turke a bayan layin sama, ka tsaga shi daidai fuskar ƙasa. Nawa na kafa shi a watan Mayu, da na je yankan gero sai da na tona da yatsa kafin na ga tsagar.